Ranar Da Aka Ce Na Kwaikwayi Abincina A Fim

Shekarun baya, a farkon shigowar Shari'a jiharmu, ina da rumfar abinci a bakin bodar Jibiya, dab da inda manyan motoci ke jera layi kafin su tsallaka Maraɗi. Shinkafa da wake nake saidawa, sai dambu ranar kasuwa. Abin da ke ci mani rai shi ne direba zai zauna ya ɗauki cokali ke nan, sai layi ya motsa, na bayansa su cika wuri da hon, ya tashi da gudu ya bar mani rabin faranti. Awakin unguwar har sun san ni, don su ke cinye ragowar.

Wata rana dogon burodin nan na Nijar ya kwana mani ya bushe. Na tsaga shi, na kwashe cikin, na cusa kwaɗon zogale da ƙuli, na marmasa soyayyar awara a kai, na rufe na ɗora a kasko da ɗan man gyaɗa. Na farko ya wargaje. Na biyu ya jiƙe ya zama kamar fate. Maigidana ne ya riƙa cinye duk wanda ya lalace, har ranar da ya ce, "Don Allah yau ki yi mana tuwo, hanjina ya gaji da bincike." Sai da na gano a matse zogalen sosai, a ɗiga ruwan tsamiya kaɗan, sannan abu ya tsaya da ƙafarsa. Mutum zai riƙe da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari.

Wani direba ɗan Maraɗi ya ci, ya juya shi ya ce, "Hajiya, wanga mi sunanshi?" Na ce ba shi da suna. Ya ce, "To ci-ka-tuƙa ne." Sunan ya bi shi. Kafin damina ta wuce, har ma'aikatan boda na ɓangarorin biyu aikowa suke a saya masu.

Ana nan sai ƙanena ya zo mani da abokinsa, wai darakta ne daga Katsina. Lokacin kowane saurayi mai kyamarar biki darakta ne. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce suna fim a kan wata yarinya mai saida abinci, rumfata suke so su ara na yini guda. Na ce ya ba ni labarin. Yana cikin bayani na tare shi.

"Tsaya. Ba wannan ne na Indiya da muka kalla a gidan maƙwabta ba? Wanda ɗan mai kuɗi motarsa ta lalace gaban rumfar yarinya?"

"Yaya, ai ba ɗaya ba ne," in ji shi. "A can shayi take saidawa."

Na ce to, ni dai ban yarda a yi rawa ko waƙa a rumfata ba, sun san lokacin da ake ciki, kuma ni matar aure ce. Ya rantse mani cewa waƙar a can bakin dam za a yi ta, nan magana ce kawai. Ƙanena ya yi ta "Haba Yaya, haba Yaya" har na ce su zo. Gaskiya akwai kwaɗayi a raina ma. Darakta ya ce zai rubuta sunana a ƙarshen fim, ni kuwa na riga na hango kaina a talabijin.

Ranar da suka zo, yarinyar da ke fitowa a matsayin mai abincin ko kasko ba ta iya riƙewa ba. Ta ce hayaƙi zai ɓata mata kwalliya. Sai aka zaunar da ni bayan zana, aka sa mani warwaronta a hannu, ni ke tsagawa, ni ke cusawa, ni ke juyawa, kyamara na kallon hannuwana. In na gama sai a miƙa mata, ta miƙa wa saurayinta na cikin fim ɗin tana murmushi. Haka muka yi ta maimaitawa har la'asar, cinikin ranar ya tafi, ma'aikatansu suka cinye duk abin da na soya. Daga bayan zanar ba na jin abin da suke faɗa, ban kuma damu in tambaya ba.

Bayan wasu watanni kaset ya fito. Ban ma sani ba, sai da wasu samari biyu suka tsaya gaban rumfata suna dariya, ɗaya ya ce, "Hajiya, a ba mu burodin soyayya guda biyu."

Na ce, "Burodin me?"

Da yamma ƙanena ya kawo kaset ɗin, yana ta sunkuyar da kai. Ga rumfata, ga kaskona, ga hannuwana da tabon ƙunar da na samu tun ina budurwa. Saurayi ya ci ya lumshe ido ya ce wa yarinyar a ina ta koyi wannan. Ta ce, "Zuciyata ce ta ƙirƙira shi saboda kai. Na sa mashi suna burodin soyayya." Daga nan sai kiɗa. Gaskiya ne a bakin dam suka yi rawar, amma burodina na hannunta daga farkon waƙar har ƙarshe, tana juyi da shi kamar fure. Na daure na zauna har rubutun ƙarshe ya gama wucewa. An gode wa mai janareto. An gode wa wanda ya ara masu mota. Ni babu.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura. Washegarin Juma'a dattawan masallacin tasha suka kira maigidana, suka ce sun ji an mayar da rumfar iyalinsa dandalin 'yan fim, har ana saida wani abu da sunan da bai dace ba. Ya dawo gida ransa a ɓace ya ce ko dai in rufe rumfar, ko in daina wannan burodi. Rumfar nan kuwa da ita muke ɗaukar rabin nauyin gidan. Sai da na soya guda huɗu, na sa hijabi na bi maigidana har wurin dattawan, na yi masu bayani tun daga awaki. Babban cikinsu ya ci, sannan ya ce, "To zogale ne da awara. A dai gyara sunan." Na ce, "Baba, ni ma sunan ne ya kawo ni."

Aka bar mani rumfa, amma suna ya riga ya tafi. Rumfuna uku a layinmu suka fara yi, ɗaya har da allo an zana zuciya. Wata mata da ta sauka daga motar Katsina ta sayi nawa, ta ci, ta ce mani da zuciya ɗaya, "Kin yi ƙoƙari wallahi, ya kusa kai na cikin fim ɗin." Na buɗe baki in ce hannuna ne a fim ɗin, sai na ga ta riga ta juya. Na bi ta da kallo da ludayi a hannu kamar wata sakara.

Daraktan bai sake biyowa ba sai bayan shekara. Ya zauna a bencina ya zabga tagumi. Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya, mutane ba su da tsoron Allah. Wasu a Kano sun ɗauki labarina kaf sun yi nasu fim. Har burodin suka sa!" Na tsaya ina kallonsa, ina jira ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Bai ji ba. Ya ma ce in ba shi guda ɗaya ya ɗan sa a cikinsa, baƙin ciki ya hana shi karyawa. Kuma na ba shi, wannan ne ya fi ba ni haushi da kaina.

Yanzu na daɗe da barin bakin boda, gwiwa ta ƙi. Na kan zauna in yi wa kaina adalci: burodin na mutanen Nijar ne, kwaɗon zogale a hannun mahaifiyata na koya, awara kuwa ko a mafarki ban san wanda ya fara ta ba. Ni ma ɗauka na yi na haɗa, kuma duk wanda ya tambaye ni na faɗa mashi daga inda kowanne ya fito. Ban taɓa jin zafin matan layinmu da suka yi irinsa ba, abinci ai don a ci ne. Amma har gobe in na tuna yarinyar nan tana cewa zuciyarta ce ta ƙirƙira, sai raina ya ɓaci. Ban nemi a biya ni ba, yanzu ko sunan nawa ma na yafe. Da dai wani, ko sau ɗaya, ya ce, "A wurin wata mata a bodar Jibiya muka gani."