Jirgin da Bai Kai Ni Wurin Yaya Ba

Jakata tana nan bakin ƙofa a Makera, har yanzu ban buɗe ta ba.

Jiya muna layin hawa jirgin Legas aka ce an soke tashi. Wai shaho ya faɗa injin lokacin saukarsa, sai an duba tukuna. Ni kuwa Yaya Sani yana kwance asibiti a can, yana ta kiran sunana.

Na tari wata ma'aikaciya, na ce, "Hajiya, tsuntsu ɗaya fa! Yayana ba shi da lokaci."

Ta ce, "Malam, mahaifiyarku tana raye?"

Na ce tana raye.

"To, ba za mu sa ta yi kukan 'ya'ya biyu ba."

Da la'asar aka kira ni. Da safen nan aka yi jana'izarsa, ba ni.

Na san gaskiyarta ce. Amma shekaranjiya matata ta ce in bi mota, na ce jirgi ya fi sauri. Tun jiya nake juya maganar nan.

Ku sa Yaya a addu'a. Da ku ne, wace hanya za ku bi?