Malama Inno da Ɗan Akuyar Safa

Kullum da ƙarfe bakwai da rabi Malama Inno kan sauka daga kabukabu a ƙofar firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Kebbe, da jaka a kafaɗa. Abu mafi daraja a jakar tsohuwar safar ƙafa ce, wadda ta ɗinka wa kunnuwa da idanun maɓalli, ta ce ɗan akuya ne. Da shi ta yi shekara talatin da biyar tana koya wa ’yan aji ɗaya da biyu Turanci. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Labarin guda ne. Ɗan akuya ya bi fara har ya ɓace. Ya gamu da jaki, jaki ya tambaye shi da Turanci ko shi wane ne, sai ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu. Haka wurin raƙumi, haka wurin zabuwa. Kowane yaro sai ya zura hannu a safar ya faɗi nasa. Da zamanin waya ya zo, ɗan akuya ya ƙara da lambar ubansa, da ita yara suka koyi ƙirge.

Da aka kawo ta ƙauyenmu, mu iyaye hankalinmu ya tashi. Tatsuniya da rana tsaka! Duk mun taso da jin cewa mai sauraren tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Goggo, yayar mahaifina, ta riƙe baki ta ce, “Ɗiyan mutane tat tara tana yi musu gatana da rana ƙiri-ƙiri? Wallahi sai wani ya ɓace!” Ni ɗan boko ne, ba na camfi, don haka da iyaye suka sa ni rubuta takardar neman a ɗauke ta, sai na rubuta cewa ba ta bin manhaja. Har na nuna mata don ta ga ina da adalci. Ta karanta, ta gyara mini kuskure biyu, ta ce, “Malam Sirajo, abin da nika roƙo, ku bari zangon ga ya ƙare.”

Zangon bai ƙare ba Hamdiya ta ɓace. ’Yata ce, ’yar shekara bakwai, ’yar ajin Malama. Mun dawo biki daga Sakkwato, muka sauka a Tambuwal daga wata bas mai wucewa Kudu. Na ƙirga kaya sau biyu, ban ƙirga ’ya’ya ba. Tana barci a kujerar baya motar ta tafi da ita, ko lambarta ba wanda ya riƙe.

Uwarta ta zube a tashar tana salati. Kafin azahar labari ya kai gida, kowa kuma ya san mai laifi, kuma ba ni ba ne. Duk da haka Malama ta hau kabukabu ta zo, ta ratsa masu hararar ta, ta rungume uwar. Ni kuwa abu ɗaya ta ce mini: “Wayarka na da caji? Maza sa ta.”

Bayan la’asar wayar ta yi ƙara. Mace ce, tana zuba Turanci daga Yawuri. Nawa Turancin ya gudu ya bar ni, na miƙa wa Malama.

Ashe da yarinyar ta farka, fasinjoji sun yi ta tambayar ta da Hausa. ’Yar wa ce ke? ’Yar Baba. Wane gari? Garinmu. Sai wata nas ’yar Kudu ta durƙusa ta tambaye ta sunanta da Turanci. Hamdiya ta share hawaye, ta miƙe, ta haɗa yatsu kamar bakin akuya, ta jero sunanta, da nawa, da ƙauyenmu, da lambata ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe da “meee”, don haka labarin yake ƙarewa.

Malama ta maimaita mana da Hausa. Ni kam sai na zauna a kan buhun albasar wani. Da aka gaya wa Goggo, cewa ta yi, “To, ai dai ta ɓace ɗin.”

Malama Inno, ke ce kika ga ’ya’yanmu ba su san sunan ubansu ba, kika koya musu ba tare da kin kunyata mu ba. Uwar ɗan akuya, mai gyara takardar ƙarar kanta. Ba ki taɓa tuna mini da ita ba, ni ma ban kai ta ko’ina ba. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa hutun nan ya zo da lafiya.

Ku kuma malaman da za ta bar wa ajin, kada ku jira littafi daga ofis. Ku nemi tsohuwar safa ku zauna da yaran nan. Wanda ya rasa ya zo, ina da guda, har da hujin da zai yi bakin akuya.