Bel Ɗin Injin Markaɗen Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi, ni da abokina mai walda a Gidan Igwai muka ƙudura sai mun ƙera ƙaramin jirgin sama mai cin mutum ɗaya. Ni ne mai zane da dogon bayani, shi ne mai hannu. Gangar jikin ba ta ba mu wahala ba. Bututan ƙarfe marasa nauyi, tayoyin babur, fukafukai da muka lulluɓe da ƙyalle mai ƙarfi. Jirgi ya cinye rabin shagonsa, masu keke-napep na rage gudu su yi kallo su wuce suna dariya.

Inji ne ya so ya raba mu. Abokina ɗan Kwalkwalawa ne, ƙauyen masu noman rani, a wurinsa ba abin da ya kai injin ban-ruwa. Na ce wannan ko tunkiya ba zai ɗaga ba. Daga ƙarshe muka daidaita a kan injin wani babban janareto mai fulogi biyu. Saura yadda za a haɗa shi da farfela.

A nan na nuna gwanintata. Na ce a ɗaura farfela kai tsaye a bakin inji, tunda gudu ake nema. Muka ari sikelin rataye na wani mai sayar da albasa, muka ɗaure wutsiyar jirgi da shi a jikin bishiya, don mu ga ƙarfin jan. Da babbar farfela, inji ya yi nishi ya mutu. Da ƙarama, ya yi ta ihu har maƙwabta suka fito, amma allurar sikeli da ƙyar ta motsa. Abokina ya samo giyabos na wata tsohuwar mota. Muna ɗorawa jirgi ya kifa da hanci a ƙasa kamar raƙumi zai sha ruwa.

Ranar abokina ya zauna a kan benci ya dube ni. Ya ce, "Malam, wata nawa ke nan ban da wurin aje aikin mutane? Gwaji guda yar rage. In abin ga bai ja ba, wallahi yanka shi nika yi in yi ƙyamaren ƙohwa." Ba wasa a fuskarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na koma gida Ƙofar Taramniya ina ta huci. Mahaifiyata tana da injin markaɗe a zaure tun ina firamare, da shi ta riƙe mu. Ta gan ni ta ce in zo in ɗaure mata bel, ya saki. Ina ɗaurewa ina zuba mata ƙorafi, ba don ina zaton za ta gane ba. Ta bari na gama, sannan ta nuna fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke zagayawa.

"Kai, duba nan. Mi kag gani? Na inji ƙarami, na markaɗe babba. Inji shina son gudu, markaɗe shina son ƙarhi. In ka haɗa su baki da baki, guda na kashe guda. Shi ne kunka kasa ganewa da duk bokonku?"

Na yi tsaye da sifana a hannu. Na fi shekara ashirin ina wuce injin nan safe da yamma, ban taɓa kallonsa ba.

Ta yarda ta ara mana fuli biyun da bel na yini ɗaya, da sharaɗin su dawo kafin la'asar, lokacin da masu ƙosai ke kawo wake. Abokina ya haɗa maƙalin da zai riƙe su, muka mayar da babbar farfela, muka ja jirgi zuwa wani fili a bayan Kwalkwalawa, muka ɗaure shi da igiya da sikelin a jikin bishiya. Na hau na tayar da inji. Wannan karon ba nishi ba ihu, sai wani ruri mai kauri da nake ji har cikin ƙirjina. Igiya ta miƙe, allurar sikeli ta tafi har ƙarshe. Abokina ya yi kabbara, ya kwance igiyar ba tare da ya tambaye ni ba. Jirgi ya kwasa da ni a guje, hulata ta yi nata wuri, shi kuma yana bina a baya yana ihu, "Shina tahiya! Shina tahiya!" Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Muka yi ta zagaye filin, shi ya hau ni in hau, har muka manta da agogo.

Sai dab da magariba muka iso gida. Zaure cike da mata da bokitan wake, kowa ta haɗe rai. Mahaifiyata ta karɓi bel ta duba shi. Can ta ce, "Ya tashi?" Na ce, "Inna, ya dai yi gudu." Ta juya wurin matan tana danne dariya, ta ce, "Ku yi haƙuri, bel ɗina at tahi tuƙin jirgi." Zauren ya kaure da shewa. Ni da abokina muka naɗe hannun riga, mu muka yi markaɗen duka.

Daga baya mun sayi namu fulin mai cin bel biyu, abokina kuma bai sake maganar yanka ba. Jirgin bai taɓa wuce gudu a ƙasa da ɗan ɗaga tayar gaba ba, kuma yanzu da na girma na gode wa Allah da abin ya tsaya nan.

Yau gyaran injuna ne sana'ata, har ana kirana injiniya, ina amsawa ba kunya. Amma duk aikin da ya gagare ni, na daina fara neman amsa daga nesa. Nakan tambayi wanda ke kusa da ni, ko da ban zaci ya sani ba. Mahaifiyata ta tsufa, ta bar wa ƙanwata injin. Har yanzu in baƙo ya tambaye ta aikin da nake yi, sai ta gyara zama ta ce, "Makanike ne. Ni na koya mai."