Jakar da Ban Buɗe Ba

Ko ranar haihuwata zan iya mantawa, amma ban da Asabar ɗin nan ta watan Maris ɗin bara, ranar da na sa aka daka wa aminin mahaifina tsawa a gaban jama'a kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunya. Ku da kuka fara aikin ƙarshen mako a bana, ku kasa kunne, don ba labarin da nake son maimaitawa ba ne.

Sunana Haidar. A lokacin shekarata goma sha takwas, ina aikin Asabar a wani kulob na masu wasan harbi can gaba da unguwar Abbey Wood, cikin wani tsohon gini da in ka gan shi daga waje za ka rantse ma'ajiyar tayoyi ce. Idan abokaina na kwaleji suka tambaye ni aikina, cewa nake ni ƙwararre ne a harkar makamai. Gaskiyar magana, shayi nake dafawa, in share kwanson harsashi, in manna takardun saiti, waɗanda ake auna wa harbi. Muƙamina shi ne na ƙarshe a ginin. Ko butar shayin ta girme ni a aiki.

Bari in yi wa waɗanda ba su san harkar ba bayani. A ƙasar nan doka ta hana ƙaramar bindiga irin wadda kuke gani a fim. Irinta da ɗan kulob mai lasisi zai iya mallaka ita ce mai dogon bututu, inci goma sha biyu ko fiye. Harsashinta kuma iri biyu ne. Akwai na zubi, wato dalma zalla da aka narkar aka zuba. Akwai mai riga, wanda aka lulluɓe dalmarsa da jan ƙarfe. Ɗakin harbinmu a cikin gini yake, kuma bayan takardun saiti akwai farantin ƙarfe a karkace da ke tare harsashi. Dalma in ta bugi farantin sai ta baje ta zube ƙasa. Mai riga kuwa cin farantin yake, kuma ɓarɓashinsa kan dawo kan mutane. Shi ya sa dokarmu ɗaya ce: na zubi kawai. Duk wanda ya zo da harsashinsa, sai ya buɗe jaka a teburin bakin ƙofa an duba.

Mai kula da ɗakin harbi ita ce Madam Sheila, dattijuwa, tsohuwar direbar bas. In ta ce a tsaya, ko agogon bango tsayawa yake. Ita ce ta ba ni aikin duba jaka a farkon watan, ni kuwa na sanar da duniya an yi mini ƙarin girma.

Wanda ya samo mini aikin shi ne Baffa Bashir, aminin Abbanmu tun suna makaranta a Kano. Akanta ne, mutum mai natsuwa, wanda ko atishawa a hankali yake yi. Ya daɗe a kulob ɗin, amma bindigar kafaɗa ta 'yan koyo yake harbawa, kuma a kantin kulob yake sayen harsashi, don haka bai taɓa damuwa da zancen zubi ko riga ba. A watan Janairu 'yan sanda suka ba shi izinin mallakar mai dogon bututun. Tsoho Derek, mai gyaran bindigogi a lungun ginin, ya ce zai iya samo masa ko mai inci goma sha biyu, ko mai goma sha takwas.

Ran nan Baffa ya rage mini hanya zuwa gida. Muna tsaye a danja sai ya ce, "Haidar, kai da kake yini cikinsu, wacce ka ga ta fi?"

Jama'a, babban mutum ya nemi shawarata. Kaina ya kumbura har ya kusa taɓa rufin mota. Abin da na sani duka bai wuce rabin magana ba: na taɓa kai wa Derek shayi na ji yana gaya wa wani cewa harsashin zubi in ya yi gudu da yawa a dogon bututu yana barin dalma a ciki. Daga nan na fita, don an kira ni. A kan wannan rabin maganar na gina bene mai hawa bakwai.

"Baffa, doguwar za ka ɗauka. Gajeriyar ai ta yara ce. Sai dai dogon bututu ba ya shiri da zubi, toshewa yake kamar magudanar kicin. Mai riga za ka nema."

"Ka tabbata?"

"Haba Baffa, ni da nake wanke su?"

Ban taɓa wanke ko ɗaya ba. Kofuna nake wankewa. Kuma kafin in sauka daga motar na manta da laccar gaba ɗaya. Shi bai manta ba. Ya sa Derek ya kawo masa doguwar, harsashi kuma ya saya a wani shago a wajen gari.

Ranar da abin ya faru, daga wurin suna ya biyo, da shadda fara da hula, ƙamshin turarensa ya kori warin albarushi daga zauren. Na rusuna na gaishe shi. Ya ɗora jakarsa a kan teburina, mutane na layi a bayansa.

"Bisimilla, duba," in ji shi.

A nan ne tarbiyya ta shaƙe ni. A gidanmu ko jakar Abba aka ce ka ɗauko, da hannu biyu kake kawowa, ba ka leƙa ciki. Yanzu in zuge jakar sa'an mahaifina, in cusa hannu ina lalube kamar ɗan kwastan? Hannuna ya ƙi ɗaguwa.

"Haba Baffa, ni in duba ka? Wuce kawai."

"Ba ƙa'ida ba ce?"

"Ƙa'idar ba ta kai kanka ba."

Ya yi murmushi ya sa mini albarka ya shige. Ni kuma na juye jakar Baturen da ke bayansa har da biskit ɗinsa, ina jin kaina yaron kirki.

Ina share zaure na ji harbin. Na farko ƙararsa daban ce, kamar an maka guduma a kan tukunyar ƙarfe. A na biyu fitilar da ke saman layin masu harbi ta tarwatse. Sai muryar Madam Sheila, wadda na tabbata an ji ta har unguwar Woolwich: "A tsaya! Kowa ya ajiye!"

Na leƙa ta gilashi da tsintsiya a hannu. Kowa ya ajiye bindiga ya ja baya. Ba wanda ya ji ciwo, sai wata mata da ke kusa da Baffa tana kakkaɓe ɓarɓashin gilashi daga kafaɗarta. Madam Sheila ta bi layi tana buɗe akwatunan harsashi ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na Baffa, ta ɗaga ɗaya sama, jan ƙarfen yana sheƙi. A daidai lokacin laccata ta cikin mota ta dawo mini kalma bayan kalma.

Ba ta rage murya ba. Ta ce da ɓarɓashin nan idon wani ya samu fa? Ta ce shekara nawa yana shige da fice bai karanta allon da ke bango ba? Ta ce maganar za ta je gaban kwamiti, kuma ya sani wanda aka kora daga kulob sai an sanar da 'yan sanda, daga nan lasisinsa sai yadda hali ya yi. Baffa yana tsaye da shaddarsa, abin toshe kunne a rataye a wuya, yana cewa, "Haka ne. Haka ne."

Sai ta yi tambayar da nake tsoro. "Wa ya duba jakarka?"

"Ni na saya, ni na shigo da su, ni na harba," in ji Baffa. "Da ni za ki yi magana."

Ina so in gaya muku a nan na yi tsalle na faɗa ɗakin na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Kicin na gudu, na wanke kofunan da na riga na wanke, har wani ya fara kukan wahala a hannuna.

Daga kicin ana jin duk abin da ake faɗa a lungun Derek. Can na ji ya ce wa Baffa, "Da ka tambaye ni ai. Kafin a yi zancen tsawo, tambayar farko ita ce a ina za ka riƙa harbi. A ɗakinmu zubi ne dole, kuma zubi mai sauƙin gudu ba ya ɓata bututu, dogo ko gajere. Wanda aka cika wa wuta ne ke barin dalma. Gajeriyar ma ta ishe ka, ta fi daɗin riƙo. Wa ya ba ka wannan shawarar?"

Na dakata da wanki na kasa kunne.

"Wani masani," in ji Baffa.

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ajiye kofin na tafi ofis. Na gaya wa Madam Sheila komai: jakar, laccar, har ƙaryar wanke bindiga. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ya ce ka duba, ka ƙi? Don me?"

"Kamar uba yake a wurina. A wajenmu ba a binciken babba."

"Yaro, ni jakar mijina nake fara juyewa, don shi ya fi kowa mantuwa. Kana tsammani don raini ake dubawa?"

Ta cire ni daga aikin bakin ƙofa nan take, ta ce in zo in maimaita bayanin a gaban kwamiti.

Na so in sulale in hau jirgin ƙasa, amma na tarar da Baffa a mota yana jirana. Muna tafiya ina addu'a kujerar ta buɗe ta haɗiye ni. Sai da muka kusa layinmu na ce, "Baffa, ka yafe mini. Kunyarka na ji."

Ya ce, "Na sani, Haidar. Amma da ka buɗe jakar nan, mu biyu kaɗai za mu sani."

Kwamiti ya zauna a ƙarshen watan. Na faɗi nawa. Ba su kori Baffa ba, amma sun dakatar da shi na ɗan lokaci, suka ce sai ya sake zama ajin sababbin shiga. Ni ne na jera kujerun ajin. Na ga mutum mai furfura zaune tsakanin samari sa'annina, yana ɗaga hannu kafin ya yi tambaya, Madam Sheila tana nuna masa bambancin zubi da mai riga. Ni na ajiye masa shayi ban iya ɗaga kai ba.

Saura abu ɗaya: Abba. Ranar wata Juma'a ni da Abba muka haɗu da Baffa a harabar masallacin Regent's Park. Suka gaisa, suka taɓa zancen gida. Sai Abba ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya ɗan naka a wurin aiki? Kullum cika mana baki yake."

Na gama sallama da duniya. Baffa ya dube ni, ya gyara hularsa.

"Yana koyo," in ji shi. "Duk muna koyo."

To, ga abin da zan gaya muku. A wannan aiki, rabin sani ya fi rashin sani haɗari, don mai rashin sani yakan yi shiru. In ba ku sani ba, ku ce a tambayi wanda ya sani. In kuma aka ɗora ku a bakin ƙofa, ku gaida babba yadda aka koya muku a gida, ku rusuna har ƙasa in kuna so, sannan ku miƙe ku duba. Mutuncinsa a hannunku yake a wannan lokacin, kuma dattijon kirki ba zai tona ku ba in kun yar da shi. Ɗauka zai yi a kansa yana cewa haka ne, ku kuna kallo ta gilashi.