Shayin Bakin Rijiya

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa motar wata gonar jatan lande a kudu da Jidda, ba abin da nake kewa kamar shayin wani tsoho. Bahaushen Sudan ne, ya zo hajji tun da ƙarfinsa, bai koma ba. Gadin rijiyar wani Balarabe yake yi a gefen hanya, ya kewaye ta da yakuwa da kuɓewa da zogale uku. Matan unguwar Bani Malik a Jidda kan ba ni sautun ganye, amma ni, maganar Allah, shayin ne ke tsayar da ni. Ruwan rijiyar nan garɗi gare shi irin na garinmu, na famfon Jidda bai kama ƙafarsa ba.

Gona ta yi ta faɗaɗa. Aka haƙa tafkuna, aka cika su da ruwan teku, har suka iso bayan shingen tsohon. Ruwan gishiri kuwa ba ya zama inda aka ajiye shi, ta ƙasa yake bi. Ni da nake cin abinci a gonar, ban so in sani ba.

A shayi na fara ganewa. A da, cokali biyu na sukari yake sa mini, ya koma uku, ya koma biyar, amma zartsin yana nan a ƙarshen harshe.

"Baba, da sukari za ka kashe ni?"

"Sha, ɗana. Baƙo ba ya ƙirga cokali."

Na shanye, na ce ya yi daɗi. Ya san ƙarya nake. Kuɓewa ta bushe, yakuwa ta bi ta, gishiri ya yi fari a kan kunyoyi. Bai taɓa ce mini uffan a kan aikina ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ranar da na gan shi na ƙarshe, na tarar ya ɗaure kayansa. Mai rijiya ya ce halas, gadi ya ƙare. Bai ɗora shayi ba.

"Me ka ɗauko yau?"

"Ƙanƙarar jatan lande ce, Baba."

"Sam mini ɗaya, in ba za su yi maka faɗa ba."

Na zaci sha zai yi. Ya rungume ta a ƙirji, ya kai ta gindin zogalen da ya rage, ya tsuguna yana kallon ƙasa tana shanye ta. Na tsaya a bayansa.

"Yalla, tafi," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Kada tasu ta narke."