Takun da Ke Bin Mai Aski

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta tsage an liƙe da salatef, sai madubi mai tabo a kusurwa da bencin masu jira. Kowa a layin nan Mai Aski yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Mutum ne mai ɗan tumbi, mai sanyin hannu, ba shi da surutun da aka san masu sana'arsa da shi.

Yayansa ne ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, shi ne kuma ya koya masa riƙon reza. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, sai Mai Aski ya ɗauko shi ya sa shi a ɗakin da ke jikin nasu. Da fari Yaya yana iya miƙewa ya dafa bango ya je bayi, ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo baya tana jan siminti. Duk gidan sun haddace wannan ƙarar. Daga baya miƙewar ma ta gagara. Shekaru Mai Aski ya kwashe yana riga kowa tashi, ya juya shi, ya goge masa jiki da ruwan ɗumi, ya shafa masa mai a gadon baya, ranar Asabar ya yi masa aski yana kwance.

Da Yaya ya rasu, kamar jikin Mai Aski bai sami labari ba. Kullum da sassafe idonsa zai buɗe, sai dai ya tsinci kansa tsaye a ƙofar ɗakin da robar ruwan ɗumi a hannu, alhali gadon ma an fitar. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta mayar da ɗakin wurin ajiye kayan ɗinkinta, duk bai hana ba.

Nas ɗin da take zuwa wanke wa Yaya gyambon kwanciya ce ta kawo maganin abin. Ta ce suna da ƙungiya, ita da wasu ma'aikata da 'yan kasuwa. Duk Asabar da safe suna haɗuwa a gaban gidan mai, su ruga a guje zuwa gidajen tsofaffi da majinyatan da ba su da mai duba su. A can a yi shara, a gyara famfo, a canza ƙwan fitila, a kwashe kwata, sannan a sake rugowa gida. Ta ce akwai dattawa da dama da gemu ya cinye musu fuska, ba mai taɓa musu. Mai Aski ya ce shi rabonsa da gudu tun yana makaranta. Ta ce ai ba tsere ake yi ba.

Ranar farko sai da ya ga taurari da rana. Wani kafinta mai barkwanci a cikinsu ya ce tumbin ne ya riga isowa, mai shi yana hanya. Tun daga nan aka bar masa baya, aka ce aikinsa ya tabbatar ba a bar kowa ba, ko da yake kowa ya san shi ne wanda ake bari. Yana gudu, jakar kayan aski tana dukan ƙugunsa, almakashi da reza suna ƙara a ciki. Ya ji daɗin abin fiye da yadda ya zata. Idan huhunsa yana zafi, babu sauran wurin tunani.

Cikin gidajen da suke zuwa akwai na wani dattijo da ake kira Baba Mai Agogo. Gyaran agogo ya yi duk rayuwarsa har idonsa ya mutu. Ɗakinsa yana ƙarshen wani lungu bayan tsohuwar maɗaba'a, bangon cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, wasu suna tafiya, wasu sun tsaya, kowanne da lokacinsa. Baba yana gane 'yan ƙungiyar da takunsu tun suna bakin lungu. Yakan ce Nas tana taka ƙasa kamar tana bin ta bashin gaisuwa, Kafinta kuwa kamar an saki akuya a kan kwano.

Wata Asabar, sauran suna waje suna ɗaga masa igiyar shanya, Mai Aski ya shafa masa kumfa ya ɗora reza. Sai Baba ya ce, “Wai wane ne wannan da yake biyo ka, ba ya shigowa a gaisa?”

Mai Aski ya ce babu kowa, shi ne na ƙarshe.

“A'a, ɗana. Akwai mai jan ƙafar hagu. Tare kuke shigowa lungun nan.”

Rezar ta tsaya a iska. Mai Aski ya daɗe yana kallon kumfar da ke narkewa a haɓar tsohon kafin ya iya ƙarasa askin. Bai taɓa ba Baba labarin Yaya ba.

Bai gaya wa kowa ba, amma daga ranar ya fara saurare. A babban titi hayaniyar motoci tana rufe komai. Da zarar sun shiga layukan da ba kowa, sauran sun yi gaba sun sha kwana, sai ya ji ƙarar nan ƙasa-ƙasa: taku ɗaya, ja ɗaya. Idan ya tsaya, ta tsaya. Idan ya waiwaya, sai rufaffun shaguna da leda tana yawo a bakin kwata. Tsoro ya ji da farko. Daga baya ya lura ya fara rage gudu a waɗannan layukan, yadda yakan rage tafiya a tsakar gida in Yaya yana dafe da kafaɗarsa. Wani lokaci har yakan ce a hankali, “Sannu, Yaya, mun kusa.” Ya daina tsayuwa a ƙofar ɗakin da safe. Matarsa ta yi ta godiya ga Allah, ta ce gudun nan ya karɓe shi.

Haka aka yi ta tafiya har wata safiya da igiyar takalmin Nas ta kwance, ta tsaya ɗaurewa, ya wuce ta. Ta biyo shi a baya na ɗan lokaci, sannan ta kira shi ta ce ya zauna a kan dakalin wani shago. Ta sa ya ɗaga hannuwansa biyu, ya matse mata yatsu, ya yi murmushi. Ta cire masa takalmin hagu ta juya. Bakin takalmin ya cinye ta gefe ɗaya, na dama kuwa lafiya lau.

“Tun yaushe kake jan ƙafar nan?” in ji ta.

Ya riƙe takalmin yana shafa wurin da ya cinye da babban yatsa.

A asibiti aka ce jininsa ya hau ƙwarai, kuma ciwo irin na Yaya ya riga ya ɗan taɓa shi ya saki, Allah ne ya sa aka gani da wuri. Aka ɗora shi a kan magani, aka hana shi gudu. Kowa ya yi ta yi masa barka. Shi ma ya amsa, ya gode wa Nas har da ƙwalla, sai dai a ransa ji ya yi kamar an sake yi masa rasuwa, kuma wannan karon ba wanda zai zo gaisuwa.

Yana cikin jinya Baba Mai Agogo ya cika. 'Yan ƙungiya ne suka tsaya a kan komai, suka kwashe ɗakin, suka nemi danginsa na nesa. Kafinta ya zo duba Mai Aski, ya zauna a bakin gado babu barkwanci ko ɗaya, ya ce a Asabar ɗin ƙarshe shi ya gwada yi wa Baba aski, ya yanke shi a wuri biyu, tsohon ya daure har aka gama.

Yanzu Mai Aski ya koma shago, ciwon bai taɓa hannunsa ba. Ranar Asabar yana fita da wuri ya taka a hankali zuwa duk gidan da aka tsayar, matarsa a gefensa, don ta ce ba ta yarda da shi shi kaɗai a titi ba. Ita ma ta samo wa kanta aiki, tana yi wa tsofaffin mata kitso da yankan farce. A makon jiya an kai su wurin wani tsohon direba da ba ya barin kowa ya kusance shi da ƙarfe. Mai Aski ya zauna a gefen katifarsa, ya ba shi rezar a naɗe ya riƙe, suka yi ta hirar motocin da. Sai wajen azahar mutumin ya miƙo masa ita, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido.