Ƙusar Sajo Mai Buhu

Sajo maƙwabcina ne a Madadi, katanga ɗaya ta raba mu. Bai taɓa mallakar shago ba. Sana'arsa sayen buhunan da aka juye, na sukari da fulawa da shinkafa. Yana zaga shagunan Gwarzo da Kabo a kan tsohon babur, ya ɗauro su, ya kakkaɓe, ya tara a rumfar ƙofar gidansa. Da kaka manoma su saya su zuba masara, mata kuma su ɗinka shimfiɗar shanya. Shekara talatin ke nan. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ba.

Idan rediyo ta ce ciniki ya farfaɗo a jihar nan, Sajo rumfarsa yake waigawa ya kalla. Yakan ce mai shago zai iya cika baki, amma ba zai juye buhun da bai sayar ba.

Shekarar da aka cire tallafin mai, babban ɗansa Zayyad ya dawo daga Kano, inda ya yi shekara huɗu yana tsare wa wani shago. Ya zo da shawarar a sayar da gonar gado ta Mainika, ya buɗe shagon kayan masarufi a Gwarzo. Gonar nan ita kaɗai Sajo ya mallaka, ita ke ciyar da gidan. Hujjar Zayyad ita ce shaguna cike suke da mutane tun safe har magariba. Uwarsa Furera ta goyi bayansa. Ni ma da aka tambaye ni na ce yana da gaskiya, domin na ga layin da idona.

Sajo bai ce a'a ba. Ya goya Zayyad a babur zuwa Kabo, shagon Alhaji Zailani, wanda ya daɗe yana karɓar buhu a wurinsa. Suka zauna a benci. Zayyad yana nuna masa cunkoso, shi kuwa ya ce ya daina kallon kawuna, ya kalli abin da ke hannun masu fita. Wata mata ta zo ta sayi ƙullin sukari, ta dawo da hantsi ta karɓi mai a 'yar leda, kafin azahar ta sake dawowa neman gishiri. Babu wanda ya fita da kwano guda na komai.

Da za su tashi, Alhaji ya miƙo buhu biyu, na mako guda ke nan. Sajo ya tambaye shi nawa yake bayarwa a da.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai da ka fi ni sanin shagona? Bakwai, wani lokaci takwas. Yanzu mutane ne suka ƙaru, kaya ba sa motsi. Leda kawai nake ƙararwa."

Da suka koma gida Sajo ya ɗauko ƙusa ya kafa a dirkar rumfa, daidai inda tarin mako guda yake kaiwa a shekarun da ake ciniki.

"Ranar da tarin nan ya taɓa ƙusa mako huɗu a jere, nemo mai sayen gona. Ni zan sa hannu."

"In bai taɓa ba fa, Baba?"

"Akwai fartanya a zaure."

Zayyad ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa shi da uban. Furera ta yi ta kawo mini ƙara ta kan katanga, wai tsohon ya fifita tsumman buhu a kan ɗansa. Na ce mata ni dai na janye maganata. Da damina ta faɗi, Zayyad ya ɗauki fartanya ya nufi Mainika. Masarar da ya nomo ce suka ci har wata kakar.

Bara bayan girbi tarin ya taɓa ƙusa mako biyu a jere, a na uku ya sauka. Yanzu duk Juma'a bayan masallaci sukan tsaya a rumfa su biyu. Zayyad ya jera buhunan sako-sako don su yi tudu, Sajo ya ɗora tafin hannu ya danne su kafin a duba. Zayyad ya ce wannan zalunci ne, uban ya ce iska ba ciniki ba ce. A makon jiya saura taƙi ɗaya. Gonar tana nan, Zayyad ya riga ya kai mata taki.